Hajiya, Taki Ce?

Iyaye, in za ku fita da yara, ku sa ido a kan wayoyinsu.

Ranar Asabar muka je kallon duwatsun Rurum. Sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. 'Yata Ummi ta ɗauke ta hoto, ko gaisuwa babu.

Matar ta tsaya. "Yarinya, dutse ake ɗauka ba sallama. Ni ana gaishe ni." Sannan ta juyo gare ni. "Hajiya, taki ce?"

Na amsa kaina a ƙasa. Nan take na sa Ummi ta durƙusa ta gaishe ta, ta goge hoton.

Ku faɗa min in na tsananta, amma daga yau a gidana, wanda bai iya gaisuwa ba, ba ya riƙe waya.