Amfilifaya a Cikin Buzu

A shekarar fari, lokacin da ake layin sabulu da sukari a Tamale, amfilifayar masallacin unguwarmu ta ɓullo da wani hali. Baba Ladan zai soma kiran salla murya tas, kafin ya kai tsakiya sai lasifika ta koma ƙugi, can ta yi shiru. Tsoho ne, in ba na'ura muryarsa ba ta tsallake katanga. Dattawa suka fara zancen a miƙa ladancin ga wani saurayi mai maƙogwaro, tunda sabuwar na'ura ba ta samuwa.

Ina sakandare a lokacin, ba na iya haɗa ido da manya, amma na karance littafin lantarkin makarantarmu har bangonsa ya fita. Kawuna ne ya tura ni gaba.

"Ku ba ɗan bokon nan. Baki ne babu, hannu akwai."

Na kai na'urar gida, na aro mitar gwada lantarki wurin malamin kimiyya, na bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga manyan taransistocin da ke tura sauti ta ƙone, razistar da ke gefenta ta yi baƙi. Wani makaniki a unguwar Kalpohin ya bar ni na ciro irinsu daga matacciyar na'ura. Na gasa ƙarfe a kurfotin gawayin mahaifiyata, na liƙe su da dalma. Da na haɗa ta da batirin mota, yini ta yi tana magana lafiya lau.

A masallaci kuwa, washegari ƙugin ya dawo. Na sake dubawa, ban ga laifin komai ba. Sai na je da azahar na raɓe a lungu ina kallo. Baba Ladan ya shigo, ya kunna na'urar, ya naɗe ta tsaf cikin buzunsa na salla, ya ɗora darduma a kai, har yana gyara gefe. Duk ramukan shan iskarta a toshe.

Sai da aka idar da salla na iya buɗe baki.

"Baba, zafi take ji."

"Wa?"

"Na'urar. Buzun ne yake dafa ta."

Ya sa hannu a ƙarƙashi, ya janye da sauri.

"Kai! Ni da nake mutunta ta? Abin da ke ɗaukar sunan Allah a bar shi tsirara, ɗana?"

"Haka take so, Baba."

Kawuna ya yi dariya har da hawaye. "Tsoho, ashe tuwo kake turarawa, ba mu sani ba!"

Muka ɗora ta a kan bulo biyu kusa da taga. Baba Ladan bai yarda a bar ta haka kawai ba, ya nemo mafici. Da la'asar yana kira, hannu ɗaya a kunne, ɗayan yana yi mata fifita, murya ta fita har ƙarshe. Matan da ke tallar nono suka ce sun ji shi tun daga hanyar Gumani. Ba a sake ta da zancen saurayin ba.