Mero Mai Daddawa da Kaucin Ɗorawarta

A Kwandiko idan aka ce Mero, sai an tambaya wacce. Idan aka ce Mero mai daddawa kuwa, zance ya ƙare. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin mahaifiyarta gindin ɗorawa, a hannunta ta koyi dafa kalwa da wanke ta da rufe ta da ganye har ta nuna. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, da wannan sana'a ta ciyar da 'ya'yanta har suka kawo ƙarfi.

Lokacin rabon gado, ƙanenta Haladu ya ɗauki ƙasar da ke bayan gari, ita kuma ta ɗauki itatuwan ɗorawar da ke tsaye a cikinta. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Shi ya noma dawarsa a ƙarƙashi, ita ta jira abin da ke sama. Ko busasshen reshe bai taɓa karya ba sai ya aika an tambaye ta.

Bayan babban farin nan na shekarun saba'in, itatuwan suka fara ja da baya. Babbar cikinsu, wadda Mero ke kira ta Inna, ita ta fi ba ta tsoro. Kalwar da take bayarwa ta ragu ƙwarai, amma kaucin da ke manne a rassanta sai ƙara yabanya yake yi, kore shar ko da rani. Mero na ganinsa ta ji sanyi a ranta, domin mahaifiyarta ta sha gaya mata kauci albarkar itace ne. Daga ƙauyuka ake zuwa roƙonsa don magani.

Ana nan sai mai shela ya zaga gari, ya ce duk mai itatuwa ya shirya, ma'aikatar daji za ta yi kwas a Birnin Kudu, an ma aiko da mota. Dagaci ya sa sunan Haladu. Haladu ya ce shi ƙasa gare shi, itace ko ɗaya ba nasa ba ne.

"To, Yaya, sai ki ɗaura ɗamara," in ji shi. "Karatu ya same ki da furfura."

"Kai da ka yi naka da baƙin gashi, me ka tsinana?" ta ce, ta yafa mayafinta ta hau a-kori-kura, ita kaɗai mace a cikin maza. Haladu ya bi ta rakiya.

Malamin dajin, wani saurayi mai suna Ishiyaku, ya ɗauka abinci ta kawo sayarwa. Da aka yi masa bayani sai ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Ya koya musu rainon iri a leda, da share gefen kurmi saboda gobara, da yadda ake aurar da mangwaro, wato a haɗa reshen wani a jikin wani. Mero ta saurara kawai. Sai da ya ɗaga wani reshe da ya tsaga biyu, ya nuna musu yadda saiwar kauci ta kutsa cikin naman itacen, sannan ta gyara zama.

"Tsuntsu ne ke kawo shi," in ji Malam Ishiyaku. "Ya sha 'ya'yan, ya goge bakinsa a reshe. Daga nan duk ruwan da itace ya jawo, kauci ne ke fara sha."

"Malam, ɗan ba ni in gani."

Ta juya reshen a hannunta, ta sa farce ta bi saiwar. Daga inda kaucin ya kama zuwa gaba, itacen ya bushe ƙayau.

"Yanzu in ya cika itace fa?"

"Sai a sare rassan can ƙasa da inda ya kama. Bana ba za ki ga kalwar kirki ba. In kuma kin bar shi, wata rana itacen za ki rasa gaba ɗaya."

Ta koma gida da wannan magana tana juya ta. Sare rabin rassan Inna yana nufin shekara guda tukunyarta ba za ta cika ba. Ga kuma maganar mahaifiyarta. Ta je gindin itacen ta daɗe tana kallon sama, ta ga rassan da ba kauci suna da ganye, masu kaucin kuwa nasu ganyen na aro ne.

Ranar da ta yanke shawara, da hantsi, ta aro zarto wajen kafinta ta miƙa wa Haladu. Ya hau yana mita. Ita tana ƙasa, hannu a goshi.

"Fara ta ƙasan reshen, kada ɓawon ya yage! Haka Malam ya ce."

"Ina wurin ai, Yaya, ni ma na ji."

"Gyangyaɗi kake yi, na gan ka. Karkata zarton, kada ruwa ya kwanta a kai."

Kowane reshe ya faɗo sai gabanta ya faɗi. Da suka gama aka shafe wuraren da kwalta. Itacen ya tsaya kamar wanda aka yi wa aski da fushi. Masu wucewa suka riƙa salati, wata tsohuwa ma ta ce Mero ta zubar da albarkar uwarta a ƙasa.

Ba ta bar shi a ƙasan ba. Ta tsince kaucin kaf, ta shanya shi a kan rumfa, ta ɗura a tsohuwar randa. Duk wanda ya zo roƙo ta ɗebar masa, kamar yadda aka saba.

Shekarar nan daddawarta ta ƙare tun kafin damina ta raba, ta koma taya maƙwabta surfe. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Da ruwa ya zauna, sababbin rassa suka ɓullo a gefen kowane yanka. Da rani na biyu ya zagayo, sai ga jan fure yana reto a jikinsu, ƙudan zuma na ta kaiwa da komowa.

Haladu ne ya fara gani, ya zo ya gaya mata. Ta je ta duba da idonta, ta zaga itacen a hankali, sannan ta nuna wani ɗan kore can ƙololuwa.

"Wancan fa? Ka bar ɗaya."

"Yaya, ganyen ɗorawa ne."

"To hau ka tabbatar," in ji Mero, ta zauna a kan saiwa tana jiransa.