Kunnen Mijinyawa

Mu da muke layi ɗaya da shi a Karaye, da faci muka fara sanin Mijinyawa. Ɗan Falgore ne ta ƙasar Rogo. Noman gyaɗa ya gada, bai karɓe shi ba, sai ya shigo gari ya kafa rumfa a bakin titi da wata tsohuwar kwamfaresa mai tari kamar tana da asma. In ka kawo masa taya ba ya tsoma ta a ruwa kamar sauran masu faci. Kai zai karkata, ya saurara, ya ɗora yatsa a kan hujin. Mukan tsokane shi da cewa ko sauro ya yi atishawa a can garin Zoza sai ya yi masa sannu.

Da aka buɗe kamfanin haɗa abincin dabbobi a hanyar Rogo, inda ake cakuɗa dusa da tunkuza a zuba a buhu, shi aka ɗauka ya kula da iska. Injin zubin da iska yake aiki. Kwamfaresa tana matse ta cikin tanki, tiyo ya kai ta wani bututun ƙarfe, ta tura sandar da ke ciki. Sandar ce ke buɗe ƙofar mazurari ta kuma rufe ta, da ƙarfin da zai raba rake biyu. Ko an kashe janareta, iskar tana nan a tanki da ƙarfinta. Saboda haka in mazurari ya toshe, ba mai sa hannu sai Mijinyawa ya buɗe bawul ɗin sakin iska, ya tsaya har hucin ya mutu, ya rufe, ya ce, "Ta fita." Agogon da ke nuna ƙarfin iskar ya daɗe da lalacewa, ba wanda ya damu a sauya shi. Me za a yi da agogo ga kunnen Mijinyawa? Abin yana ba ni haushi har yau.

Shekaru ya yi a ɗakin kwamfaresa, ƙara tana cin kunnen a hankali. Matarsa Lauratu ce ta fara lura, don sai ta yi sallama sau biyu kafin ya amsa. Ta ce masa, "Malam, ka gaya musu." Ya ce mura ce. Ni ma na gane, ganin yadda ya koma kallon bakin mutum in ana hira, yana dariya bayan kowa ya gama. Ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi, don duk mutuncinsa a garin nan a kunnen yake, kuma bai san sunan da za a kira shi da shi ba in ya rasa.

Wata Laraba da hantsi, curin tunkuza ya maƙale a ƙofar mazurari. Aka kashe inji. Gwadabe, magidancin da ke riƙe buhu, ya naɗe hannun riga yana jira. Mijinyawa ya buɗe bawul. Huci da ƙarfi yake farawa, sannan ya sirance ya koma kamar fito, kuma wannan siririn ne kunnensa ya daina kamawa. Ya ji shiru, ya rufe, ya ce, "Ta fita." Gwadabe ya zura hannu ya zaro curin. Ƙofar da dama curin ne ya tokare ta, ta rufe.

Yatsu uku na hannun dama suka tafi. Mutane suka ce ƙaddara ce, masu kamfani suka sayo sabon agogo a satin. Ba wanda ya tuhumi Mijinyawa. Shi da kansa ya tsaya a gaban ma'aikata ya ce, "Ba na ji. Na daɗe ba na ji." Ya ajiye aikin.

Da damina ta sauka, ya ɗauki garma ya nufi gonar Gwadabe, ya yi mata huɗa, ya yi noma, ba tare da ya nemi izini ba. Amma ya kasa taka zauren mutumin. Sai bayan an cire gyaɗa ya roƙe ni in raka shi.

Muka tarar da Gwadabe da 'yan uwansa a kan tabarma. Bayan gaisuwa Mijinyawa ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya nemi gafara. A hankali Gwadabe ya ce, "Baba, na yafe maka duniya da lahira."

Mijinyawa bai motsa ba. Idonsa yana ƙasa, yana jira. Zuciyata ta karye, na rasa ta yadda zan shiga tsakani. Gwadabe ya dube ni, ya dubi dattijon, ya matso. Da ragowar yatsunsa biyu ya ɗago haɓar Mijinyawa don ya kalli bakinsa, sannan ya sake faɗa.