Ni Na Hana Nasiru Komawa Gareji

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma har yau ban gaya wa 'yarsa Hauwa yadda abin ya faru ba. Kullum ta tambaya sai in ce mota ce ta faɗo masa, kwana ya ƙare. Rabin zancen ke nan.

Nasiru ya yi shekara uku a makarantar koyon sana'a yana karatun gyaran mota. Da ya kama aiki a wani gareji a Tarauni, kanikawa suka sa shi a gaba, wai makanikin boko. Su dai su ɗaga mota da jak, su cusa dutse, su shige. Shi kuwa ko za a wuni ana dariya, ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya kafa ƙarafa biyu masu ƙafa sun tokare ta. Malaminsu na makaranta ya ce musu jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani abokina ya ci kansila. Ranar rantsuwa na ci ado, ina so a gan ni a sahun gaba ko a tuna da ni wajen rabon muƙami. Sai salansar motata ta saki, tana jan ƙasa. In kai ta gareji in bi layi, alhali ina da ƙane? Na aika aka kira shi gidanmu a Gyadi-Gyadi.

Ya leƙa, ya ce, "Yaya, na baro ƙarafan a gareji. Bari in hau acaɓa in ɗauko, yanzun nan."

Na ce, "Kai dai ka cika boko. Waya fa kawai za ka ɗaure. Ka san ƙarfe nawa yanzu?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasar ƙofar gida da ruwan sama ya jiƙa. A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa yayansa magana. Ya ɗaga motar da jak, ya kwanta ya shiga. Ina gyara zaman hulata a gilashin motar na ga fuskata ta yi ƙasa: jak ya nutse. Kafin maƙwabta su taru mu ɗaga, rai ya yi halinsa. Rantsuwar kuwa an yi ta, babu wanda ya lura ban je ba.

A zaman makoki na ji abokan aikinsa suna raɗa, wai duk bokon nasa ga shi ya yi ganganci. Na sunkuyar da kai ina jan carbi, na bar masa laifin.

Da yana raye, na san na'urorin da ake jona wa mota yanzu su faɗi ciwonta za su burge shi. Amma da ya bi ta Hotoro ya ga har yau mutane na kwance ƙarƙashin motar da dutse ke riƙe da ita, da ransa ya ɓaci. Ni ba na iya kallo, kau da kai nake yi.

Bai bar gida ba, bai bar gareji ba. Abin da ya bari shi ne Hauwa, da sunan mutum mai kiyaye ƙa'ida, sunan da shiruna ya ɓata. Tana wata bakwai ya rasu. Ni na raine ta, ni na aurar da ita, Baba take ce mini. Watan jiya ta ce, "Baba, ashe mai ilimi kamarsa zai yi sakaci haka?"

Hauwa, na san kina karanta shafin nan. Mahaifinki bai yi sakaci ba. Ya ce zai koma ya ɗauko, ni na hana shi. Allah Ya jiƙan Nasiru. Ke kuma in kin ga dama ki yafe mini, in ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.