Mangwaron Eulalie

Da asuba, kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Ulric yana zaune a kan bokitin da ya kife, yana yanka mangwaro ƙanana-ƙanana. Ni kuma ina jan tiyon ruwa zuwa kejin birai. Haka muka saba tun da aka rufe masana'antar sukari ta tsibirinmu na St. Kitts, aikin rake ya ƙare, muka shigo gidan binciken magungunan nan.

A da, Ulric maƙiyin birai ne. Sun cinye masa gonar dankali, ya dinga ɗana musu tarko yana kawo wa likitoci. Daga baya aka ba shi ɓangaren tsofaffin birai, waɗanda ake nazarin yadda tsufa ke cin ƙwaƙwalwarsu, ko a dace da maganin mantuwa da rawar jiki. Cikinsu akwai wata birinya da haƙoranta suka zube. Likitoci lamba suka ba ta, shi kuwa ya raɗa mata Eulalie, sunan surukarsa.

"Hararar iri ɗaya ce," in ji shi. "Sai dai ita wannan tana godiya."

Eulalie ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nasa. In ya tafi hutu, ramewa take yi.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. A asibiti aka faɗa masa sunan cutar, ɗaya ce daga cikin waɗanda ake nema wa magani a gidanmu. Shugabar ɓangarenmu ta ce ƙarshen wata zai ajiye aiki, don hannu mai rawa bai dace da wuƙa da bakin biri ba. Gaskiya ta faɗa. Likitan dabbobi ma ya faɗi tasa: in Eulalie ta daina ci, ba za a bari ta wahala ba, allurar ƙarshe za a yi mata.

Washegari Ulric ya kira ni.

"Vernice, ajiye tiyon nan ki zo."

"Ni kashin biri nake wankewa, tsoho. Ba a ɗauke ni renon surukar wani ba."

"Zo dai. Bakin nan naki ya fi tiyon zuba."

Na miƙa mata mangwaro ina dubanta. Ta yi ƙara, ta gudu lungu.

"Kin zura mata ido kamar 'yar sanda! A wurinsu kallo neman faɗa ne. Juya mata kafaɗa. Ki fara ci, ta ga bakinki na motsi. In ta kama hannunki, ki bari ta duba miki ƙwarƙwata."

"Ni ce mai ƙwarƙwatar?"

"A nawa ma ba ta samun komai. Gaisuwarsu ke nan."

Kwanaki suka yi ta tafiya, ni nake cinye mangwaron. Eulalie sai ta leƙa bayana tana jiran hannunsa.

Ranar ƙarshe ya yanka mangwaron da kyar, ya miƙo min kwano, ya ƙi shiga.

"Muddin tana ganina, ba za ta karɓi naki ba."

Ya laɓe a bayan bango. Na zauna a karkace jikin keji ina tauna. Ta daɗe tana kallon ƙofa, har ƙafata ta yi tsami. Can sai na ji yatsu masu sanyi suna bin damtsena a hankali. Da ta gama bincikenta, ta zare yanka ɗaya daga tafin hannuna.

Na fito na same shi jingine da bango, ya riƙe hannun dama da na hagu.

"Ta ci?"

"Ta ci. Shiga ku yi sallama mana."

"In ta gan ni, gobe ma jira za ta yi. Ki riƙa cire mata zaren mangwaron, yana maƙale mata a wuya."

Ya goge wuƙar a wandonsa, ya ajiye ta a kan bokitin. Sannan ya zagaya ta bayan ɗakin ajiya, inda keji ba ya hango hanya, ya nufi bakin titi.