Awon Karen Duonna Mengia

Duri Cadonau yana da shekara sittin da bakwai, tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma bana shekara shida ke nan da rasuwar matarsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana hawa da gangara da jirgi a tsakanin duwatsun yankin Engadin. Ya san kowace kwana, kowace gada, kowane ramin dutse da tsawonsa. Abokan aikinsa sun ce ko an ɗaure masa ido, daga kukan ƙafar jirgi zai faɗa maka inda ake. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, wato sayen tikiti. Ubansa ma'aikacin dogo ne, shi ma haka, katin ma'aikata yana aljihunsa tun bai fara gemu ba.

Gidansa yana kallon gidan Duonna Mengia, wato Malama Mengia a yarensu, famfon tsakiyar gari ne kawai ya raba su. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ma mijinta ya rasu, tana zaune da wani ɗan kare mai gajerun ƙafafu da ake kira Tobi. A watan Fabrairu, an fito daga coci, Duri ya ji tana gaya wa wata cewa jirgin nan mai rufin gilashi da baƙi ke cikawa, shekara talatin yana wucewa ta bayan lambunta, amma ba ta taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Duri ya wuce. Ya koma gida ya zuba miyar sha'ir, ya bar ta ta huce a gabansa.

Ya yanke shawarar zai gayyace ta. Sai dai shi ba ya buɗe baki sai ya gama shiri, kuma akwai abin da yake tsoro. Garin mutum ɗari uku ne. In magana ta riga shi isa kunnenta, ko ta ce a'a bayan kowa ya ji, to kullum safiya sai sun haɗu a bakin famfo, gari na leƙe ta taga. Don haka ya ƙudura cewa sai fas, wato tikitin yawon kwanaki a jirgi, ya shiga aljihunsa tukuna, a ɓoye, sannan ya yi mata magana.

Ya kwaso takardun bayani ya baje a teburin kicin. Akwai fas na yini ɗaya. Akwai na kwana biyu cikin bakwai, da na kwana biyar cikin sha huɗu. Akwai katin rabin kuɗi, wanda ke shiga cikin wasu ya ƙi shiga cikin wasu. Kuma ko wanne ka riƙe, sai ka kama kujera daban in tarago mai gilashi kake so. Mako uku ya yi yana ja musu layi da jan biro. Mutumin da ya sauko da jirgi mai nauyin tan ɗari uku daga kan dutse cikin ƙanƙara ba tare da kofin kowa ya zube ba, ya kasa gane ko "kwana biyar" a jere ake nufi.

Mai sayar da tikitin garinsu ƙawar kowa ce, don haka bai bi ta kanta ba. Ran Laraba ya hau jirgi ya yi tafiyar kilomita arba'in zuwa wata tasha, domin a saninsa ran Laraba ne hutun Jachen, tsohon abokinsa da ke zama a tagar tikiti. Ashe an canza ranar hutun tun bara.

"A'a! Sar Duri da kansa a kan layi?" in ji Jachen, ya ɗaga tabarau. Sar a yarensu kamar Malam ne. "Yau jirgi da baya zai yi tafiya ke nan."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Tambaya na zo yi. Ba don ni ba, don wata 'yar baffana ce."

"'Yar baffa. Madalla. Baƙuwa ce daga waje ko 'yar ƙasa? Fas ɗin ba ɗaya ba ne."

"'Yar ƙasa."

"A nan yankin take? Na 'yan yanki daban ne."

Duri ya dubi takardunsa. "A nan take."

"Shekarunta?"

"Ina ruwanka da shekarunta?"

"Ni ba ruwana, takarda ce ke tambaya. In ta kai sittin da huɗu akwai ragi."

"Ta cika a watan Nuwamba."

"Har watan ka sani. Lallai zumunci ya yi daɗi. Tana da kaya? Keke? Kare?"

"Ɗan ƙaramin kare."

Jachen ya ajiye biro a hankali. Ya ce in tsayin kare daga kafaɗa zuwa ƙasa bai wuce santimita talatin ba, kuma yana cikin kwando, kyauta zai shiga. In ya wuce, sai a yankar masa nasa. Sannan ya sunkuyo bakin taga ya rage murya. "Wannan kare na 'yar baffa, ba wani ja ba ne mai kunne ɗaya a kwance? Na ga kamar ya haura talatin. Duonna Mengia tana cika masa ciki da yawa."

Duri ya kwashe takardunsa ya fita, ko sallama babu.

Jirgin sha ɗaya da minti sha huɗu ya hawo, amma labarin ya riga shi. Kwandasta ta duba katinsa ta ce, "Sar Duri, a gaida 'yar baffa." Mai share tashar garinsu ya cire masa hula, abin da bai taɓa yi ba. Washegari mai gidan burodi ta ƙara masa yankan kek ɗaya, ta ce ai ba shi kaɗai zai ci ba. Duri ya ga lokaci na ƙure masa. Duk da haka bai ga yadda za a yi ya gayyaci mace alhali bai san matsayin karenta ba.

Ran Juma'a da safe ya hangi Tobi shi kaɗai a bakin famfo. Ya fito da tef ɗin awo a aljihu ɗaya, yankan busasshen nama a ɗayan. Matsalar ita ce malamar makaranta ce ta rene karen. Da ya ga nama sai ya zauna, ya miƙo hannu. In an ɓoye naman sai ya juya ya tafi. Duri ya durƙusa, ya ɗaga gindin karen da hannu ɗaya, ya ja tef da ɗayan, ya riƙe naman a baki. Awo na farko ya ba shi ashirin da tara, na biyu talatin da huɗu. Yana cikin na uku gwiwarsa ta ƙage.

"Talatin da biyu ne," in ji wata murya a bayansa.

Duonna Mengia ce, da kwandon kasuwa a hannu. Duri ya cire naman daga baki. Tobi ya karɓe.

"Ina kwana, Duonna Mengia. Na ga kamar yana ɗingishi ne."

"Kai ne dai ke ɗingishi. Miƙo hannu." Ta ja shi ya miƙe. "Duri, tun ran Laraba mutum biyar suka taya ni murna. Matar fasto har ta ara mini jaka. Kai kaɗai ne a garin nan ba ka gaya mini za ni tafiya ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya gyara murya ya fara bayani cewa na kwana biyar cikin sha huɗu ya fi, in dai tana da katin rabin kuɗi, amma in za a tsallaka iyaka to akwai wani sharaɗi a shafi na tara.

"Shekara talatin da biyar ina fama da yara masu amsa abin da ba a tambaye su ba," in ji ta. "Bar shafi na tara. Akwai abin da kake son tambayata, ko in wuce kasuwa?"

Tagogi uku suka buɗe a lokaci ɗaya. Duri ya dube su, ya dubi tef ɗin da ke lilo a hannunsa.

"Za ki raka ni a jirgin gilashi?"

"Zan raka ka. Na kwana biyar ɗin za ka saya, ba a jere ake nufi ba, an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Tobi kuma a yanka masa nasa, ba mai cusa mini kare a kwando."

An sa tafiyar ran sha biyu ga Yuni. Saura zaɓen kujera, kuma Duri bai yarda ya kama wuri da ka ba. Ran Talatar da ta wuce ya hau jirgin gilashin shi kaɗai, da littafi da biro, don ya ga ɓangaren da rana ke duka da safe. Ya zauna a bakin taga ta dama cikin baƙi masu ɗaukar hoto. Bayan ramin dutse na bakwai, a kwanar da ya rage gudu sau dubbai lokacin da yake direba, kullum idonsa na kan fitilar sigina, sai ya ga baƙin sun tashi gaba ɗaya sun yi hagu. Ya bi su. Wani ruwa ne fari fat yake zubowa daga ƙoƙon dutse, tsayinsa ya fi hasumiyar cocinsu sau uku. Ya tsaya yana kallo har jirgi ya shige rami na takwas. Sannan ya kira kwandasta, ya tambaye ta yaushe aka sa wannan ruwa a wurin.