Kwabban Rufin Ɗakin Kaka

Tun kafin a haife ni aka rufe ɗakin Kaka da kwano, kuma duk ƙusar da ke kan rufin nan akwai kwabo a ƙarƙashin kanta. Da aka canja kuɗi, tsofaffin kwabbai masu huji a tsakiya suka daina sayen komai, sai marigayi kakanmu ya riƙa zura ƙusa a hujin kafin ya buga, don kada kwanon ya yage ruwa ya samu hanya. Mun tashi mun gan su can sama, baƙi ƙirin, ba mai kula su.

Shekarar da na gama sakandare, iskar farkon damina ta fizge ƙusa ɗaya, kwabonta ya faɗo tsakar gida. Yayana, mai tuƙa adaidaita sahu a Ungogo, ya zo taya Baba shuka, shi ya tsinta. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya kira ni.

"Ke, zo ki gani. Hujin wannan a gefe yake."

"To sai me?"

"Sai me? Kuskuren inji ne, tun daga inda ake buga kuɗi. Irinsa ake nema ruwa a jallo."

Ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wani Bature riƙe da kwabo mai karkataccen huji yana faɗin kuɗin da aka saye shi. Ya ce akwai mai sayen irinsu ranar kasuwar Ɗanbatta. Tunda an samu ɗaya, wai, to rufin nan cike yake da su. Kafin in buɗe baki ya aro tsani a maƙwabta.

A lokacin kullum da la'asar sai hadari ya haɗu a gabas. Gadon Kaka na ɗakin, da buhun irin gyaɗarta da ba a kai gona ba. Baba kuwa yana gona, ba mai tsawatarwa.

Kaka na zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, in ka yaye min ɗaki, a adaidaitar taka zan kwana?"

"Haba tsohuwa, sabon kwano zan sa miki, mai launi."

"Zanen sallar da ka ce za ka sayo ma ina nan ina jira."

Ni ba na iya dogon lallashi. Yana shirin hawa na karɓe wayar da kwabon, na kalli bidiyon har ƙarshe, don shi daga inda aka faɗi kuɗi ya tsaya. Mutumin ya ce hujin inji, ko ya kauce daga tsakiya, zagayayye ne sumul, kwabon kuma a miƙe yake, ba lanƙwasa. In aka huda da hannu, gefe ɗaya zai lotsa, ɗaya gefen ya yi tsini. Na shafa namu. Tsinin har ya karce min yatsa.

Na ɗebo toka da lemon tsami na dirje shi. Da baƙin ya fita sai ga dawakai biyu da mikiya, tambarin Nijeriya. Ashe ba ma tsohon kwabon ba ne, kwabon naira ne, wanda ba a taɓa yinsa da huji ba.

Na kai wa Kaka. Ta riƙe shi nesa da ido, ta yi dariya. Ta ce ai masu hujin ƙarewa suka yi ana tsakiyar aiki, sai kakanmu ya zauna bakin turmi da guduma yana huda sababbi, yana mita wai kuɗi mai kyau yake lalatawa. Rabin rufin nan duk aikinsa ne.

Na tsaya gindin tsanin na ɗaga murya. "Yaya, sauko. Injin da ya yi kuskuren kakanka ne."

Bai yarda nan take ba. Ya riga ya cire wasu ƙusoshi ta wajen ƙofa. Ya zauna a kan kwanon yana shafa kwabban ɗaya bayan ɗaya. Masu huji a tsakiya lafiya lau suke, irin waɗanda ake samu ko'ina. Masu huji a gefe kuwa duk da tsininsu. Can ya ce in miƙo masa guduma, da kwabon da na wanke ɗin.

Yana buga ƙusar ƙarshe iska ta taso. Muka shige ɗakin Kaka mu uku, muna jin ruwa a kan kwano. Irin gyaɗar bai jiƙe ba, gado ma haka. Wuri ɗaya ne ta bakin ƙofa, inda ƙusa ba ta koma raminta daidai ba, ya fara ɗiga.

Har yau yana ɗiga. Kowace damina Kaka na ajiye ƙaramar roba a wurin, in baƙo ya tambaya ta ce famfon da maigidanta ya ja mata ne.